Kada A Yi Gaggawar Zubar Da Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin Abuja da sassafe, ko na gwamnati ko na 'yan kasuwa, ba zai rasa ganin wannan al'amari ba. Akawu ya iso da ƙarfe takwas, ya kakkaɓe tebur, ya danna maɓallin kwamfuta, sa'an nan ya tashi ya tafi gaishe-gaishe, domin ya san kafin injin nan ya gama farkawa sai an share minti uku ko biyar. In ya dawo ya nemi buɗe wasiƙar da ya buga jiya, sai 'yar fitilar da ke gaban akwatin ta yi ta ƙyaftawa, ana jin wani ƙara ƙasa-ƙasa kamar ɓera na gagarar itace, shi kuwa wanda ya zo karɓar takarda yana tsaye yana duban agogo. Idan haka ta yawaita, hukuncin da akan yanke guda ne, watau kwamfuta ta tsufa, a rubuta takarda a nemi sabuwa.

Sau da yawa hukuncin nan akwai zalunci a cikinsa. A yawancin kwamfutocin tebur da aka ƙera shekara goma ko goma sha biyar da suka wuce, abu guda ne ke jawo nawa, shi ne faifan da ake ajiye bayanai a kansa. In aka cire shi aka sa sabuwar irin ma'ajiyar nan da ake kira SSD, sai a ga injin da aka fid da rai da shi ya miƙe yana aiki kamar an sake shi. Aikin ba ya cin fiye da awa ɗaya ko biyu, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Amma fa yana da ƙa'idodi, yana kuma da iyaka, wanda bai san su ba yana iya yin asarar kuɗi da bayanai gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa zancen ya taso

Ran 12 ga Disamba 1991, lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja aka mai da ita mazaunin Gwamnatin Tarayya, tafireta da fayil na kwali su ne kayan aikin ofis. Yau kuwa da wuya a sami aikin hukuma da ba ya bi ta kwamfuta. Hukumar JAMB, wadda hedkwatarta ke Bwari, tun 2015 ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta zalla. Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sa ranar 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda. Ban da ofisoshi, akwai ɗimbin shagunan buga takardu da cike fom a Garki da Wuse da Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, inda kwamfuta guda ko biyu ke ciyar da iyali sukutum.

Daidai lokacin da bukatar ta ƙaru ne kuma sayen sabon inji ya fi ƙarfin jama'a. Kusan duk kayan kwamfuta daga waje ake shigo da su, da Dala ake biya. A farkon Yuni 2023 ana canjin Dala ɗaya a kan kamar N460 a hukumance, amma bayan Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa linzami cikin watan nan, ba a fita Fabrairu 2024 ba sai da ta haura N1,500. Kazalika janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki. Saboda haka mai shagon da ke aiki da janareta, kowane minti da ya yi yana jiran kwamfuta, mai yake ƙonawa a banza.

A ƙaddara injinsa yana cin minti 5 kafin ya tashi, kuma ana ɗauke wuta sau 4 a yini. Minti 20 ke nan sun tafi kowace rana wajen tashi kaɗai. Cikin kwanakin aiki 26 na wata, an yi asarar minti 520, watau kusan awa 9, yinin aiki guda cur, ba a ma lissafa jiran buɗe takardu da hotuna ba.

Inda nawar take

Domin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙar, sai ya kwatanta kwamfuta da ofis mai abu uku. Akwai akawu mai lissafi, shi ne ƙwaƙwalwar injin. Akwai teburin da yake baza takardun da yake aiki da su a lokacin, shi ne abin da ake kira RAM, wanda ake sharewa da zarar an kashe wuta. Sa'an nan akwai ɗakin ajiyar fayil, inda kome ke kwana, shi ne faifai. Kome hanzarin akawu, in masinjan da ke ɗauko masa fayil mai nawa ne, aiki ba zai tafi ba.

Shi faifan nan na da, wanda ya taɓa ganin garmaho zai fahimce shi nan da nan. A cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe akwai faya-fayai masu maganaɗisu suna juyawa, yawanci sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani hannu mai kama da allurar garmaho yana kai da kawowa a kansu. Allurar ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk sa'ad da aka nemi wani bayani, dole hannun ya matsa zuwa layin da bayanin yake, ya kuma jira faifai ya juyo da shi. Wannan yakan ci kamar kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Ga ɗan Adam ba kome ba ne, amma ga injin da ke lissafi sau miliyan dubu a daƙiƙa, zaman jiran gawon shanu ne. Tashin kwamfuta kuwa yana bukatar dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse ko'ina a kan faifan, alhali shi ba ya iya kai irin wannan ziyara fiye da kamar sau 100 a daƙiƙa.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da ita cikin 1956, a wani inji mai suna RAMAC. Ma'ajiyarsa tana da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta ya kai kusan tan guda, abin da take iya ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kawai, watau hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu ta yau. Cikin 1980 kamfanin Seagate ya ƙera wadda za ta shiga ƙaramar kwamfuta, mai ɗaukar megabayit 5. Tun daga nan girman abin da faifai ke ɗauka ya riɓanya sau miliyoyi, amma saurin hannun nan bai ƙaru da yawa ba, domin ƙarfe ne ke motsi, motsin ƙarfe kuwa yana da iyaka.

Ma'ajiyar da ba ta motsi

Ita SSD ba faifai a cikinta, ba allura, ba abin da ke juyawa. 'Yar'uwar filasha ce da katin memori na wayar hannu, sai dai ta fi su inganci da sauri. Bayanai suna zaune ne cikin wasu ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa a jikin ƙwayoyin lantarki, kowane ɗaki yana riƙe ɗan cajin da aka zuba masa ko da an kashe wuta. Da yake ba tafiya za a yi ba, ɗauko bayani daga kowane ɗaki yakan ci ƙasa da kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa.

Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, wanda ke aiki a kamfanin Toshiba, shi ne ya ƙago wannan irin ma'adana. Ya bayyana ta ga duniya cikin 1984, kana cikin 1987 ya fito da nau'in da ake kira NAND, wanda shi ne a cikin SSD ta yau. Cikin 1991, shekarar da aka tare a Abuja, wani kamfanin Amurka da daga baya aka sani da suna SanDisk ya ƙera SSD mai ɗaukar megabayit 20, ana sayar da ita kamar Dala 1,000. Tsada ce ta hana ta yaɗuwa shekara da shekaru, sai bayan 2010 ne farashinta ya yi ta sauka har talaka ya iya kaiwa gare ta.

Bambancin da ke tsakanin su biyun a bayyane yake. Faifai mai juyawa yakan karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa in fayil ɗin babba ne a jere, SSD ta talakawa kuwa tana kai 550. Wannan riɓi uku ne ko biyar. Amma inda ta yi masa fintinkau shi ne wajen ƙananan fayiloli warwatsattsu, inda take kai ziyara dubbai goma-goma a daƙiƙa, shi yana fama da 100. Abin da ya sa ke nan kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta tashi takan koma tashi cikin rabin minti ko ƙasa da haka. Daɗin daɗawa ba ta ƙara, ba ta zafi sosai, kuma girgiza ba ta dame ta ba. Wutar da take ci ma ta fi kaɗan, ko da yake ragin bai kai a gan shi a takardar kuɗin lantarki ba.

A kasuwa

Wanda ke neman SSD a Abuja, yawanci Banex Plaza zai dosa, a kan titin Aminu Kano da ke Wuse 2, ko kuwa shagunan kayan kwamfuta na Wuse Zone 3. Kayan da ke can galibi daga Legas suke zuwa, daga kasuwar Computer Village ta Ikeja da ta Alaba. A nan ne kuma ake sayar da kwamfutocin hannu da aka yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex 7010 da HP Compaq Elite 8300, waɗanda aka ƙera wajen 2012. Irin waɗannan injuna ƙarfafa ne, an yi su domin aikin ofis na yini ɗungum, su ne kuma suka fi cin moriyar sabuwar ma'ajiya.

Abu na farko da mai saye zai sani shi ne SSD iri biyu ce. Akwai mai kama da ƙaramin akwatin ashana mai faɗi, ta inci 2.5, wadda ake haɗawa da waya irin ta SATA. Wannan hanyar haɗi ta fito ne cikin 2003, saboda haka kusan duk kwamfutar tebur da aka ƙera daga wajen 2006 zuwa yau tana da ita. Akwai kuma siririya mai kama da tsinken cingam, wadda ake sokawa a jikin babban allon injin, ana kiran ta NVMe, mai gudun megabayit 3,500 har 7,000 a daƙiƙa. Ita wannan ta biyun ta fi sauri, amma yawancin tsofaffin injuna ba su da gurbinta. Mutane da yawa sun sayo ta don jin an ce ta fi, suka iso gida suka rasa inda za su soka. Saboda haka kafin a fitar da ko kwabo, a buɗe akwatin a duba, ko a rubuta lambar injin a kai wa mai shago.

Ko da injin na da tsohuwar SATA ce mai rabin gudu, wadda ba ta wuce megabayit 300 a daƙiƙa, canjin yana da amfani, domin ribar tana wajen rashin jiran allura ne. Sai dai injin da ya girmi SATA, mai faffaɗar waya kamar ɗamara, wannan kam ya ci zamaninsa, kashe masa kuɗi ɓarna ce.

Wajen girma, mai gigabayit 240 ko 256 ta ishi aikin buga takardu da shiga intanet. Mai aikin hotuna da zane ya nemi ta 500 ko fiye. Dabarar da masu gyara suka fi so ita ce a sa babbar manhaja da kayan aiki a kan SSD, a bar tsohon faifai a ciki ya zama rumbun hotuna da tsofaffin fayiloli, in dai lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma batun jabu, wanda shi ne babban ramin da ke kan hanya. Akwai ma'ajiyar da aka yi wa kwali mai sunan babban kamfani alhali cikinta tarkace ne. Akwai wadda aka yi wa dabara ta riƙa nuna terabayit guda, alhali ba ta ɗaukar ko kashi goma na haka, sai an cika ta sa'an nan a tarar fayiloli sun lalace. Akwai kuma wadda aka yi shekaru ana aiki da ita a wata ƙasa, aka goge aka sa a leda. Araha dai ba ta ado. Maganin abin shi ne a saya a shago tsayayye, a karɓi rasit mai lambar kayan da wa'adin garanti, a kuma sa a gwada a gaban mai saye. Akwai manhajoji na kyauta domin haka: CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki da sauran lafiyarta, H2testw kuwa tana cika ta da bayanai ta karanta, ta tona girmanta na gaskiya.

Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya. A ƙarshen 2025 kuɗin ƙwayoyin ajiya ya tashi a duniya, saboda manyan kamfanonin da ke gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe su. Cikin Disamba na shekarar kamfanin Micron na Amurka ya ba da sanarwar zai daina sayar wa jama'a kayansa masu tambarin Crucial, domin ya fuskanci waɗancan manyan masu saye. Saboda haka mai niyya ya zagaya shago uku ko huɗu ya ji farashin ranar, kada ya dogara da abin da aka gaya masa bara.

Yadda ake aikin

Matakin farko, kafin a taɓa ko kusa guda, shi ne a kwafe duk muhimman fayiloli zuwa wani wuri dabam, a kuma buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa. Tsohon faifai da ya daɗe yana ciwo yakan cika ne daidai lokacin da aka matsa masa da aikin kwafa. Wanda ya tsallake wannan mataki, in abin ya faru, ba shi da wanda zai zarga.

Bayan haka a kashe injin, a zare wayar wuta daga bango, a buɗe murfin gefe. Mai aikin ya taɓa ƙarfen akwatin tukuna domin ya sauke cajin da ke jikinsa, musamman lokacin hunturu sa'ad da iska ta bushe, don ɗan tartsatsin da ba a ko gani yana iya kashe ƙwayar lantarki. Tun da an buɗe, sai a hure ƙurar da ta taru a fanka, wadda ita ma tana cikin masu sa inji ya yi zafi ya rage gudu. Waya biyu ce ke shiga SSD, ta bayanai da ta wuta, kowacce kuwa ba ta shiga sai ta fuska guda. Da yake ta fi gurbin tsohon faifai ƙanƙanta, akan sa mata 'yar mazauni ta ƙarfe ko ta roba a ɗaure.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai a kwafe tsohon faifai ɗungurungum zuwa sabuwar ma'ajiya, da manhaja irin su Clonezilla ko wadda kamfanin da ya ƙera SSD ɗin ya bayar, ta yadda kome zai dawo yadda aka bar shi, ko kuwa a zuba babbar manhaja sabuwa fil, a mai da fayiloli daga baya. Hanya ta farko ta fi sauƙi ga ofis mai manhajojin da ke da wuyar sake samu, sharaɗinta shi ne abin da ke kan tsohon faifai bai fi ƙarfin sabuwar ba. Ta biyu ta fi tsabta, domin ba ta kwaso tarkace da ƙwayoyin cutar da suka taru shekara da shekaru. In an gama, a shiga saitin farko na injin a tabbata daga SSD yake tashi.

Wajen kulawa, kada a cika ta maƙil, a bar mata kamar kashi 15 ko 20 cikin 100 fili, don tana bukatar sarari wajen jujjuya bayanai. Tsohuwar al'adar nan ta tattara warwatsattsun fayiloli wuri ɗaya, wadda ke taimakon faifai mai juyawa, ba ta da amfani a nan. Tun daga Windows 7, wadda ta fito cikin 2009, babbar manhaja ta san yadda za ta kula da SSD da kanta.

Abin da ba ta iya yi

Wajibi ne a faɗi gaskiya, SSD ba maganin kowace cuta ba ce. In RAM ta yi kaɗan, watau teburin akawu ya yi ƙunci, nawa ba za ta ƙare ba. Injin da ke da gigabayit 2 ko 4 ya kamata a kai shi 8 a lokaci guda. In ƙwaƙwalwar injin ce ta gaza, kamar wajen haɗa bidiyo, sabuwar ma'ajiya ba za ta ƙara mata ƙarfi ba. Haka nan ba ta ƙara saurin intanet.

Akwai kuma wani shinge da ya fi waɗannan girma. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, sai dai wani shiri na ƙarin wa'adi da ya buɗe ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito cikin 2021, tana neman ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8, watau ta wajen 2017 zuwa sama, da wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0. Injunan 2012 da aka ambata ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma SSD ba ta canja haka. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cikin Disamba 2023 cewa kwamfutoci kamar miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda wannan dalili. Injin da ba ya samun gyaran tsaro, in yana kan intanet, gida ne ba ƙyaure. Mafita ga masu irinsa ita ce babbar manhajar Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, wadda kyauta ce, tana tafiya lafiya a kan tsohon inji, tana kuma da kayan buga takardu da lissafi. Sai dai tana bukatar ɗan koyo, kuma wasu manhajojin ofis ba sa aiki a kanta, don haka a bincika kafin a ƙaura.

Mutane kan tambaya ko gaskiya ne SSD tana ƙarewa. Gaskiya ne kowane ɗaki yana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge, amma iyakar tana da nisa. Alal misali, kamfanin Samsung ya yi wa samfurinsa 870 EVO mai gigabayit 500 alkawarin terabayit 300 na rubutu, ko shekara 5, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ke rubuta gigabayit 20 kullum sai ya yi shekara 41 kafin ya cinye wannan adadi. Haɗarin da ya fi kusa shi ne irin mutuwarta. Faifai mai juyawa yakan yi jinya, ya yi ƙara, ya ba da alama. Ita kuwa sau da yawa farat ɗaya take tafiya, ceto bayanai daga cikinta kuma ya fi wuya da tsada. Ɗaukewar wuta tana cikin rubutu na iya ɓata fayil, saboda haka na'urar UPS mai riƙe wuta na 'yan mintoci ba ado ba ce a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Har wa yau ba a ajiye SSD cikin durowa shekara da shekaru ba wuta a ce an adana tarihi, don cajin da ke ɗakunan yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana gaggauta shi. Duk abin da ke da muhimmanci a yi masa kwafi biyu, ɗaya a wani gini dabam.

Amanar da ke cikin tsohon faifai

Akwai wani gefe da ba a cika kula da shi ba. In an gama aiki, sau da yawa akan bar wa mai gyara tsohon faifai, ko a rage kuɗin aiki da shi. A cikinsa kuwa akwai takardun albashi, da hotunan fasfo, da lambobin NIN da BVN na duk wanda aka taɓa cike wa fom, da wasiƙun sirri. Share fayil ko yi wa faifai wankin gaggawa ba ya kawar da su, suna nan kwance, yaro mai ɗan sani zai iya tono su da manhajar kyauta. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu cikin Yuni 2023, ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan wanda ya tara su, ta kuma kafa hukumar da za ta bi kadi. Saboda haka tsohon faifai ko dai ya koma gida tare da mai shi, ko a bi shi da manhajar da ke rubuce shi kaf daga farko har ƙarshe, ko kuwa a huda shi da na'urar huji kafin ya kai hannun 'yan gwangwan.

Batun shara

Tsawaita ran kwamfuta yana da wata riba da ta wuce aljihun mai ita. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cikin 2004 ya nuna ƙera kwamfutar tebur guda da allonta na wancan zamani yana cin kilo 240 na makamashi irin su mai da kwal, da kilo 22 na sinadarai, da lita 1,500 ta ruwa. Rahoton Majalisar na 2024 kuma ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki cikin 2022, kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an sarrafa ta hanyar da ta dace.

Nijeriya ta san ɗacin wannan. Cikin 1988 aka jibge guba daga Italiya a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, abin da ya girgiza ƙasar nan, shekara guda kafin a ƙulla yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari. Wani bincike da aka buga cikin 2018 ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kamar tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ta tashoshin jiragen ruwan Legas kowace shekara, aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun daga can. Hukumar NESREA, wadda aka kafa cikin 2007, tana da dokoki kan haka tun 2011, amma har yanzu mafi yawan matattun injuna a hannun 'yan jari-bola da kasuwannin panteka suke ƙarewa, inda samari ke ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai dalma. Kowace kwamfuta da aka ƙara wa shekara uku ko huɗu, an jinkirta zuwanta can ke nan.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya kamaci shugaban ofis, ko na makaranta, ko mai shago, kafin ya sa hannu a takardar sayen sababbin injuna, shi ne ya sa a bi waɗanda ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta shekarar kowanne, da irin ƙwaƙwalwarsa, da yawan RAM, da irin ma'ajiyar da ke ciki. Waɗanda suka cika sharaɗin Windows 11 amma suna kan faifai mai juyawa, a canja musu ma'ajiya ba tare da ɓata lokaci ba. Waɗanda ba su cika ba amma jikinsu da ƙarfi, a sa musu SSD da Linux a ba ɗalibai ko masu buga takardu. Waɗanda suka mutu murus, a cire faifansu a lalata, a miƙa sauran ga masu sarrafa shara da hukuma ta yi wa rajista. Wanda ke shakka kuwa ya fara da inji guda, ya riƙe agogo ya auna tashinsa kafin aikin da bayansa, sa'an nan ya yanke shawara a kan sauran.